Ƙas-ƙas ɗin Safiya: Me Ke Sa Injin Akori-kura Ƙara Idan An Tada Shi?

Masu motocin ɗaukar kaya, daga mai tsohuwar Peugeot 504 akori-kura har direban Hilux na ofis, sun san wata ƙara da ke zuwa da sassafe. A murɗa ki, inji ya tashi, sai a ji ƙas-ƙas-ƙas daga ƙarƙashin bonet. A wata motar, kafin direba ya gyara zama ƙarar ta ɗauke. A wata sai an ɗan taɓa tafiya. A wata kuma tana nan har a kashe inji.

Abin da ke rikita mai mota shi ne amsoshin gareji. Wannan bakanike ya ce, "Alhaji, haka suke, ci gaba da hawa." Na gaba ya ce inji na dab da bugawa, a sauke shi. Na uku ya ce a zuba baƙin mai mai kauri, magana ta ƙare. Kowannensu na iya dacewa a kan wata mota ya kuma kuskure a kan wata, saboda ƙarar alama ce, kuma sassa da dama na inji suna fitar da sauti mai kama da juna. Gyaran wani bai wuce kuɗin filta ba, na wani kuwa ya kusa kuɗin rabin inji. Abubuwa uku ke raba su: tsawon lokacin da ƙarar ke ɗauka, saurin bugunta, da inda take fitowa.

Sassan da za a riƙa ambata

Fistan shi ne ƙarfen da ke hawa da sauka cikin silinda idan mai ya kama wuta. Hawa da saukarsa ke juya babbar sandar ƙasan inji, wato kiranshaf. Tsakanin kiranshaf da hannun fistan akwai siraran ƙarafa masu santsi da bakanikai ke kira metal. A saman inji akwai bawul, ƙofofin da ke buɗewa iska ta shiga, su sake buɗewa hayaƙi ya fita. Wata sanda mai ƙusumbi-ƙusumbi, kamshaf, ita ke danna su. Abin da ke tsakanin kamshaf da bawul, wanda ke kai dannawar, shi ake kira tafet, a Amurka kuma lifta. Sarka ko bel ɗin taimin ke haɗa kiranshaf da kamshaf don su tafi a tare. Manifol shi ne bakin salansa, ƙarfen da aka ɗaure da kusoshi a jikin kan silinda don ya tattara hayaƙi. Silo kuwa shi ne juyin inji a tsaye, ba tare da an taka totur ba.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata a riƙe: kiranshaf sai ya juya sau biyu kamshaf ke juyawa sau ɗaya. Idan inji na silo a juyi 700 cikin minti guda, kamshaf na yin 350, don haka tafet guda mai matsala zai buga kusan sau shida a daƙiƙa. Kunne na iya bin wannan. Ƙarar da ta ninka haka sauri ta fi nuni ga ƙasan inji.

Me ya sa sai da safe?

Mota idan ta kwana, abu biyu ke faruwa. Na farko, baƙin mai ya tsiyaye daga saman inji ya koma kaskonsa na ƙasa, kuma ya yi kauri saboda sanyi. Idan aka tada inji, famfon mai na buƙatar ɗan lokaci kafin ya tura shi sama, kuma bawul da tafet, da yake su ne mafi nisa daga famfon, su ne na ƙarshen samu. Na biyu, ƙarfe ya tsuke. Alminiyam, wanda da shi ake yin fistan da yawancin kan silinda na zamani, yana buɗewa da tsukewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfen zubi. Saboda haka tazarar da ke rufewa idan inji ya yi zafi, da safe a buɗe take.

Wannan ne dalilin da ke sa ƙorafin ya yawaita a lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, musamman a Jos, ko a Agadas da sauran garuruwan bakin hamada inda asuba ke da tsananin sanyi. Motar da ba ta cewa komai a watan Afrilu sai ta fara magana.

Tafet da baƙin mai

Yawancin ƙas-ƙas ɗin safiya a nan yake, kuma a nan ne aka fi cakuɗa abubuwa biyu da ba su da haɗi, domin tafet iri biyu ne.

Akwai na tsofaffin injuna, wanda ake saitawa da hannu. Injin 504 akori-kura, wadda kamfanin PAN ya daɗe yana haɗawa a Kaduna, da injin 22R na tsohuwar Hilux, duk suna da noti da ɗan sukuru a kan kowane bawul. Ana barin 'yar tazara da gangan, don idan ƙarfe ya yi zafi ya miƙe kada ya hana bawul rufewa. A 22R, tazarar milimita 0.20 ce ga bawul ɗin shigar iska, 0.30 ga na fitar hayaƙi, kuma da zafin inji ake aunawa. Injin gas 5L da na fetur 3RZ, su kuma da ƙananan faifan ƙarfe masu kauri daban-daban ake saita tasu. Irin waɗannan injuna ba sa rasa 'yar ƙara siririya, kuma ba laifi ba ne. Idan ta yi yawa, saiti take nema, ba wani mai ba. Sai dai a kula da bakaniken da ke matse tafet har inji ya yi tsit don ya burge mai mota: bawul ɗin da bai zauna daidai a mazauninsa ba ba ya samun hanyar sauke zafi, a hankali sai ya ƙone. Tafet mai ɗan sako-sako ya fi matsattse aminci nesa ba kusa ba.

Sai na zamani, wanda ke saita kansa da matsin baƙin mai. Shi ke cikin injin fetur 2TR mai lita 2.7 da ya cika Hilux a Najeriya, da injunan gas na 1GD da 2GD da suka fito daga 2015, da manyan injunan Amurka masu silinda takwas. Ɗan ƙaramin ƙoƙon ƙarfe ne, a cikinsa akwai ɗan fistan, da sifirin, da 'yar ƙwallon ƙarfe mai hana mai komawa baya. Idan ya cika da mai sai ya miƙe ya cike tazarar. To duk lokacin da aka kashe inji, dole wasu bawul su tsaya a buɗe, ƙarfin sifirin ɗinsu na danne tafet har gari ya waye, yana matse man da ke ciki kaɗan-kaɗan. Da safe tafet ɗin ya gajarce, sai ya riƙa bugawa har famfo ya sake cika shi. Daƙiƙa biyu ko uku na wannan, musamman bayan mota ta yi kwanaki a ajiye, ba abin tada hankali ba ne.

Abin dubawa shi ne idan daƙiƙun suka fara zama mintuna, ko ƙarar ta zama ta kullum. Dalilan, daga mafi sauƙi: mai ya yi ƙasa, mai ya wuce geji har kiranshaf na kaɗa shi yana kumfa, iska ta shiga tafet, mai ya tsufa ya bar dauɗa a ƙananan hudojin da yake bi, ragar da ke bakin famfon mai ta toshe, famfon ko metal sun ci har matsi ya ragu, ko tafet ɗin kansa ya gaji.

Akwai kuma filta, wadda ba a cika zarginta ba alhali sau da yawa ita ce. A cikin filtar da ake murɗawa, idan aka leƙa ta ƙananan hudojin da ke kewaye da bakinta, za a ga wata roba baƙa ko ja. Aikinta ta rufe idan inji ya tsaya, don man da ke cikin filta da hanyoyin sama kada ya koma ƙasa. Idan robar ta bushe, ko filtar jabu ce wadda robarta ba ta zama daidai, kullum da safe sai famfo ya fara cika filta tukuna kafin mai ya isa ko'ina, kamar famfon tuƙa-tuƙa da bawul ɗinsa na ƙasa ya lalace, wanda sai an yi ta bugawa kafin ruwa ya zo. Duk ƙarar da ta fara kwana ɗaya ko biyu bayan an yi juye, filta da irin man da aka zuba su ne farkon abin tuhuma. Alamarta ta biyu ita ce jar fitilar mai ta daɗe ba ta mutu ba bayan inji ya tashi.

Hilux mai injin gas 1KD tana da nata sanannen ciwo da ke ƙarewa a nan. Ƙarƙashin kowace injekta akwai wani ɗan zoben tagulla da ke hana hayaƙi tsallakewa. Idan ya fara yoyo, hayaƙi na shiga cikin baƙin mai, ya dunƙule ya zama gawayi, gawayin ya gangara ya toshe ragar famfo. Mai motar na jin 'yar ƙara da safe, bai san injin na fama da ƙishin mai ba ne.

Manyan akori-kura na Amurka, waɗanda wasunsu ke shigowa yankinmu a matsayin na hannu, su ma suna da nasu. Injin Hemi mai lita 5.7 na Ram, da 5.3 na Chevrolet Silverado da GMC Sierra daga 2007, suna da tsarin kashe silinda huɗu cikin takwas idan ba a buƙatar ƙarfi, don rage shan mai. An san su da lalacewar lifta: a wasu makullin da ke cikinta ya maƙale, a wasu 'yar tayar ƙarfen da ke gindinta ta daina juyawa ta riƙa gogar kamshaf har ta cinye ƙusumbin. Irin wannan ƙara ba ta tafiya idan inji ya yi zafi, kuma daga baya inji na fara tsallake wuta yana karkarwa. Gyaran ba ƙarami ba ne, don sai an cire kan silinda kafin a kai ga lifta.

Bakin salansa

Wannan ita ce ƙarar da aka fi ɗora wa tafet laifinta a banza. Manifol na ɗaukar zafi fiye da kusan kowane sashe na inji, ya buɗe ya tsuke sau dubbai a rayuwarsa, kuma ba da saurin kan silindar da aka ɗaure shi a kai ba. Daga ƙarshe sai ya ɗan lanƙwashe, ko gaskit ya ƙone, ko kusa ɗaya ta tsinke, galibi ta can ƙarshe kusa da gaban direba, ko shi kansa ya tsage. Duk fitar hayaƙi daga wannan silinda sai kaɗan ya tsarto ta kafar, a ji tas-tas-tas da saurin da ya yi daidai da na tafet. Bayan minti biyu zuwa biyar ƙarfe ya buɗe ya rufe kafar, ƙara ta ɗauke.

Ana gane ta da baƙin tabon hayaƙi a gefen gaskit, da warin salansa a ƙarƙashin bonet, da kan kusa da ya ɓace daga wurinsa, da kuma yadda ƙarar ke ƙaruwa idan aka saka giya aka taka da sanyin inji. Hemi na Ram ya yi suna wajen tsinke waɗannan kusoshi. Toyota Tundra ta farko mai injin 4.7, da Nissan Titan mai 5.6, su kuma da tsagewar manifol aka san su.

Ba za ta kashe inji gobe ba, amma ba ta da kyau a bari. Iskar da ke kutsawa ta kafar na ruɗa na'urar da ke auna hayaƙi, kwamfutar mota ta ɗauka mai ya yi kaɗan ta ƙara, shan fetur ya hau. Mafi muni, hayaƙin na ɗauke da iskar kabon monoksaid, guba marar wari, wadda ke iya shiga gidan gaba ta hanyar iskar fanka, ga direban da ya rufe gilashi saboda sanyi ko ƙura.

Fistan, sarka da giyar taimin

Fistan mai sanyi ya fi ƙanƙanta a cikin silindarsa, sai ya riƙa ɗan karkata yana marin bango. Sautin ya fi na tafet kauri, yana da ɗan amo kamar na injin gas, kuma yana raguwa a hankali yayin da inji ke ɗumama. Injunan GM masu silinda takwas na wajen 1999 zuwa 2002 sun shahara da shi tun suna sababbi. Kamfanin ya ce ba ya cutarwa, masu motocin da yawa ba su ji daɗin amsar ba, amma ɗimbin waɗannan injuna sun yi doguwar tafiya a haka. Idan ba a ganin shuɗin hayaƙi, mai ba ya raguwa, kuma ƙarar na tafiya da zafi, buɗe inji saboda ita ɓarnar kuɗi ce.

Sarkar taimin ba ƙas-ƙas take yi ba, ƙarar tata kamar an ja sarka a kan ƙarfe ce, daga gaban inji, na daƙiƙa ɗaya zuwa uku. Abin da ke ɗame ta da matsin mai yake aiki, kafin mai ya iso tana sako-sako. A 22R wannan gargaɗi ne da ba a wasa da shi: robar da sarkar ke bi tana karyewa, sarkar ta riƙa cin murfin gaban inji har ta huda hanyar ruwa, ruwan lagireto ya gauraya da baƙin mai. A Ford F-150 mai injin 5.4 na 2004 zuwa 2010, maɗamar sarkar ce ke zubar da mai ta jawo ƙarar tashi, giyar da ke sauya taimin kuma ta fi bugawa a silo bayan inji ya yi zafi. A F-150 mai injin 3.5 EcoBoost na 2017 zuwa 2020, ita wannan giya ce ke kaɗawa da sanyin safiya idan ɗan makullin da ke riƙe ta ya ci. Duk injin da ke da irin wannan tsari, wanda Toyota ke kira VVT-i, yana iya yin haka.

Ƙarar da ba ciwo ba ce

Injekta na yin ƙas-ƙas siriri mai sauri a ko da yaushe, aikinta ke nan. Injunan fetur masu fesa mai kai tsaye cikin silinda sun fi ƙara, saboda famfonsu mai matsi. Injin gas kuma da sanyi yakan yi kwaram-kwaram, domin gas ɗin na ɗan jinkirta kama wuta sannan ya kama gaba ɗaya. Idan ya yi yawa tare da farin hayaƙi, a duba hita, wato fulogin ɗumama silinda, da injekta. Fulogin da bai ɗauru ba shi ma yana tas-tas, kuma wannan minti biyar ne gyaransa in an kama shi kafin ya cinye zaren.

Yadda ake bincike

Sharaɗin farko shi ne motar ta kwana. Kai mota gareji da zafinta a ce wa bakanike ya nemo ƙarar safiya, zato kawai zai yi. Ko ta kwana a wurinsa, ko a ɗauki sautin da waya, bonet a buɗe, tun daga murɗa ki.

Kafin a tada, a zaro gejin mai a mota da ke tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, a ga yawansa, launinsa, da ko yana warin fetur. Bayan an tada, a ƙirga. Ƙasa da daƙiƙa biyar: mai ne ke kan hanya, a duba filta, tafet ko maɗamar sarka. Mintuna kaɗan, tana raguwa da zafi: manifol ko fistan. Ba ta tafiya: saiti, lifta da ta mutu, ko kamshaf. Tana ƙaruwa bayan inji ya yi zafi, kuma mai nauyi ce, gwaf-gwaf daga ƙasa, tana tsananta idan aka taka: wannan metal ne, kuma a nan ne kaɗai maganar "kashe ta kada ka ƙara tafiya" take daidai ba tare da jayayya ba.

Wurin fitowa kuma da doguwar sukundireba ake nemo shi: a ɗora bakinta a kan murfin bawul, a manna kunne a mariƙinta, a matsa daga gaba zuwa baya, sannan a gwada jikin inji, murfin taimin da kowace injekta. Inda sautin ya fi kaifi, nan ne. Don hayaƙi, guntun tiyo ya fi: baki ɗaya a kunne, ɗayan a bi gefen manifol da shi. A tattare hannun riga da rawani daga fanka da bel, kuma kada a kai hannu kusa da bututun injekta na injin gas na zamani yana aiki, don matsin da ke ciki ya ninka na taya sau ɗaruruwa, yana huda fata.

Idan ana zargin janareton caji, famfon ruwa ko na sitiyari, a cire fambel a tada inji na ɗan lokaci kaɗan da sanyinsa. In ƙarar ta ɓace, ba a cikin inji take ba. Cire wutar silinda ɗaya bayan ɗaya kuma yana fallasa metal da fistan, domin bugunsu na raguwa idan aka kashe silindar mai ciwon, na tafet kuwa bai damu ba.

Gwaji biyu ne suka fi kowanne faɗin gaskiya, kuma su aka fi tsallakewa. Ɗaya shi ne a kwance na'urar fitilar mai a ɗaura agogon auna matsi a gurbinta, a karanta da sanyi da kuma bayan inji ya yi zafi sosai. Jar fitila ba ta kamawa sai matsi ya kusa ƙarewa, don haka mutuwarta ba shaidar lafiya ba ce. Bakanikai na da tsohon ma'auni na kusan psi 10 ga kowane juyi 1,000, amma adadin da ke littafin injin shi ne hukunci. Ɗayan shi ne a yanka tsohuwar filta, a buɗe takardar ciki a rana. Ƙyalƙyalin garin ƙarfe na nufin wani abu na cin kansa a ciki: in maganaɗisu ya ɗauke shi, ya fi nuni ga kamshaf da lifta, in kuma launin tagulla ne, metal. Na'urar kwamfuta na taimakawa a motocin zamani. Lambobin P0300 zuwa P0308 na nuna tsallake wuta, irin su P0011 da P0016 kuma matsalar taimin. Amma kwamfuta ba ta da kunne, kuma tana iya cewa lafiya lau alhali tafet na bugawa.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Babbar gardama a kan kaurin mai take. Lambar farko a jikin galan, wadda harafin W ke bi, tana nuna yadda man ke gudu da sanyi. Ta biyu tana nuna kaurinsa a zafin digiri 100. Masu goyon bayan 20W-50 suna cewa ƙasarmu da zafi, motocin sun tsufa, ana lafta musu kaya, kuma mai kauri na cike gibin da ci ya bari. A kan 504 da 22R da makamantansu suna da hujja, don da irin wannan mai a zuciya aka ƙera su. Har a injin zamani ma akwai misali: a 2025, da GM ta yi kiranyen motoci kusan 600,000 a Amurka masu injin 6.2 saboda matsalar kiranshaf da hannun fistan, ta mayar da waɗanda suka tsallake gwaji daga 0W-20 zuwa 0W-40.

Sai dai a lura cewa lambar farko ba ta canja ba a wannan misali. Masu ɗaya ra'ayin a nan suke kafa hujja: matsalar safiya ta jinkirin isowar mai ce, kuma 20W-50 da sanyin asuba ya ninka 5W-30 kauri fiye da sau biyu, ga shi hudojin tafet na zamani da na giyar taimin ƙanana ne. Zuba shi a irin wannan inji na iya ƙara tsawon ƙarar da ake son kashewa. Inda kuma ya yi nasarar rufe ta, sau da yawa metal da ya ci ya rufe wa asiri. Abin da ya fi dacewa da hujjojin biyu shi ne a tsaya cikin jerin da littafin motar ya yarda da shi don yanayin zafi, a bar auna matsi ya faɗi ko ana buƙatar ƙari.

Gardama ta biyu a kan magungunan gwangwani ce da wankin cikin inji. Mai wankewa na iya sakin tafet da dauɗa ta riƙe, wannan gaskiya ne. Ba ya mayar da ƙarfen da ya ci. A injin da ya shekara da shekaru ba a yi masa juye a kan kari ba, wanki mai ƙarfi na iya ɓamɓaro dauɗa da yawa lokaci guda ta toshe ragar famfo, a fita daga ƙaramar matsala a faɗa babba. Juye biyu ko uku a kusa-kusa da mai da filta na gaske sun fi aminci, in kuma dauɗar ta yi yawa, a kwance kaskon mai a wanke ragar da hannu. Wanke cikin inji da kananzir ko gas alhali injin na aiki, kamar yadda wasu ke yi, hanya ce ta lalata metal.

Ta uku ita ce ɗumama inji. Barin mota a silo rabin awa ba ya ƙara mata komai sai ƙona mai. Taka totur da ƙarfi da zarar ta tashi, wai don ƙarar ta tafi, shi ne mafi illa, tunda a daidai lokacin ne saman inji ke bushe. A jira fitilar mai ta mutu, ƙarar ta lafa, a tashi a hankali.

Maganar "haka suke" kuma tana buƙatar awo. Gaskiya ce ga injekta, ga fistan na wasu injuna, da ga tafet na daƙiƙa biyu. Amma sabuntar mota ba ta wanke ta: a 2024 Toyota ta yi kiranyen Tundra da Lexus LX kusan 102,000 na 2022 da 2023 a Amurka, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage cikin inji tun daga masana'anta, kuma bugun inji na cikin alamominsa.

Gyara, da sayen ta hannu

Tsarin da ya fi tsimin kuɗi shi ne a fara daga mai da filta, sai saitin bawul in injin na saituwa, sai manifol, sai auna matsi, kafin a taɓa wani abu da ke buƙatar buɗe inji. A manifol, a canja gaskit da dukkan kusoshi, a kuma ɗora ƙarfen a kan miƙaƙƙen abu a ga ko ya lanƙwashe, don in ba a goge fuskarsa ta daidaita ba sabuwar kusa ma za ta tsinke. Kusar da ta karye cikin kan silinda na alminiyam, walda noti a kanta a murɗo ya fi haƙa da diril, wanda kan zame ya huda hanyar ruwa. A lifta, dole a duba ƙusumbin kamshaf, domin sabuwar lifta a kan kamshaf da ya ci ba ta daɗewa. A taimin, sarka da maɗama da robobi tare ake canja su. Kayan Beljiyam na kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka suna iya yi wa manifol ko murfi, amma tafet da maɗamar sarka na hannu ba a ganin gajiyarsu da ido. Sababbin tafet kan yi ƙara na wasu mintuna kafin iskar cikinsu ta fita, wannan ba kuskuren aiki ba ne.

Mai shirin sayen akori-kura ta hannu kuma, ya nemi a bar masa ita ta kwana ba a tada ba, ya zo da safe, ya ɗora hannu a kan murfin inji kafin a ba shi ki. In ya ji ɗumi, an riga shi tada ta, sai ya sa wata ranar. Ya kuma zaro geji ya murza man tsakanin yatsu biyu: wanda ke jan zare kamar zuma a injin da littafinsa ya ce 5W-30, dalili ne na neman a ɗaura agogon matsi kafin a yi maganar farashi.